Rijiya Goma, Mazaɓa Goma Sha Ɗaya: Ina Za a Haƙa?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ciyaman ya sa rijiyar burtsatse goma a kasafin kuɗin baɗi, ya ce sashenku na ruwa ya kawo sunayen garuruwa kafin ƙarshen wata, ga shi mazaɓunku goma sha ɗaya ne, kowane kansila kuma ya riga ya aiko da takardarsa. Kana tambaya ta yaya ake zaɓe.

Ajiye takardun kansiloli tukuna. Kada ka yar da su, za su yi rana. Abin da za ka fara haɗawa shi ne rajistar ruwan da ake da shi yanzu, gari gari: kowane famfon tuƙa-tuƙa, kowace rijiya mai sola ko mai janareta, rijiyoyin kankare, har da na masallaci da makaranta da asibiti da waɗanda 'yan majalisa ko ƙungiyoyi suka yi. Kowanne ka rubuta inda yake da lambar taswira ta wayarka, irin famfon, shekarar da aka yi shi, zurfinsa idan an sani, da halin da yake ciki. Kada ka karɓi rahoto daga kan kujera. Dagaci zai ce maka babu ruwa sam don ya samu sabuwa, wanda ya yi kwangilar kuma zai ce lafiya lau take. Hau babur ka je ka kama hannun famfon da kanka.

Gwajin ba shi da wuya. Ka riƙe bokiti mai lita 20 da agogon waya. Ka buga har ruwa ya zo, sannan ka ƙirga bugu 40 cikakku a cikin minti ɗaya. Famfon tuƙa-tuƙa samfurin Afridev mai lafiya zai ba ka kusan lita 16, samfurin India Mark ƙasa da haka kaɗan. Idan bai kai lita 10 ba, robobin silinda, wato abin da ke cikin rijiya yana turo ruwa sama, sun cinye. Daga nan ka sa a bar shi ya huta rabin awa, ka ƙirga bugu nawa za ka yi kafin ruwa ya fito. Idan ya wuce biyar, ruwan yana zurarewa ƙasa, ko dai bawul ɗin gindi ya lalace ko bututu ya huje. Hannu ya saki kamar babu komai a ƙasa, rodi ko sarƙa ce ta tsinke. Ruwan asuba ya fito ja, bayan 'yan bokitai ya washe, tsatsar bututun ƙarfe ce, maganinta a sauya da na roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Duk waɗannan aikin makanike ne na yini guda ko biyu. Waɗanda suka fi tsanani biyu ne: rijiyar da ke fitar da yashi kullum, wannan tun wajen haƙa aka cuce ta, da wadda ke ba da jarka huɗu ko biyar ta ɗauke, sai ta huta ta dawo. Ita ma kada ka yi saurin yanke mata hukunci, wani lokaci silinda ce aka rataye sama, ƙarin bututu biyu ko uku ya raba gardama.

Idan ka gama wannan zagaye za ka tarar da yawa daga cikin garuruwan da ke kukan sabuwar rijiya gyara suke bukata, kuma kuɗin rijiya ɗaya sabuwa zai ta da matattun famfuna masu yawa. Nan ne hujjarka ta farko a gaban ciyaman.

Lokacin da ya dace da wannan ƙidaya shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ruwan ƙasa ya kai iyakar saukarsa. Kasafi kuwa a ƙarshen shekara ake haɗa shi, lokacin da kowace rijiya take cike bayan damina, kowane kududdufi yana da ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tunda wata guda aka ba ka, sai ka cike giɓin da tambaya. Ka tambayi yaran da ke ɗebo ruwa da 'yan garuwa, ka kuma sa wata ma'aikaciyar lafiya ta shiga gidaje ta tambayi mata: wace rijiya ce ta ƙafe a bazarar da ta wuce, ina aka koma, nawa jarka ta kai. Farashin jarka a watan Afrilu ya fi takardar koke faɗin gaskiya. In Allah ya kai mu Maris, ka koma ka yi awon na haƙiƙa, ka riƙa yinsa duk shekara.

Sai lissafin mutane. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe a 2006 aka yi ta, kuma al'ummar da ke ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100 a shekara takan ninka cikin shekara 23 zuwa 24. Saboda haka tsohon adadi bai kama hanyar gaskiya ba. Je sashen lafiya ka roƙi alƙaluman masu rigakafi, su ne ke bin gida gida suna rubutu da alli a jikin ƙofa. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar ana ɗaukar su a matsayin ɗaya bisa biyar na jama'a, don haka ka ninka adadinsu sau biyar, ka gwada da yawan magidanta da mai unguwa ya ba ka. Idan biyun sun yi kusa, ka samu abin aiki.

Manufar ruwa ta ƙasa ta shekarar 2000 ta yanka wa mutumin karkara lita 30 a rana, a tazarar da ba ta wuce mita 250 ba, ta yanka wa ƙananan garuruwa lita 60. Ɗauki ƙauye mai mutum 2,000. Bukatarsa lita 60,000 ke nan kowace rana. Famfon tuƙa-tuƙa, idan ka cire lokacin sauya jarka da gardamar layi, da wuya ya wuce lita 700 zuwa 800 a awa. A yi awa goma ana bugu, lita 7,500 ke nan, rabon mutum 250. Wato ƙauyen nan famfo takwas yake so. Wanda ya kafa ɗaya ya yanke kirtani ya tafi, ya kafa abin da za a buga dare da rana har ya mutu kafin shekara ta zagayo, a ce mutanen ƙauye ba su iya riƙon kaya ba.

Dabbobi ma suna cikin lissafi, kuma su ake mantawa. Saniya a bazara takan sha lita 30 ko fiye, tunkiya ko akuya kusan biyar. Shanu 300 kaɗai sun fi ƙarfin famfo guda. Garin da ke kan burtali ko yake da rugage kewaye da shi, a sa masa kwamin shayarwa nesa da inda mutane ke ɗiba, a kuma zauna da arɗo tun ana tsarawa. Rikicin bakin rijiya yawanci daga wannan mantuwa yake tasowa.

Za ka ce to a yi mai sola guda ɗaya da tanki a huta. Yi lissafi tukun. Rana mai ƙarfin juya sumo, wato injin tura ruwa da ake nutsarwa cikin rijiya, sosai awa biyar zuwa shida ce, ƙurar hunturu kuma tana rage ta idan ba a goge faifan. Lita 60,000 cikin awa shida na nufin rijiyar ta ba da lita 10,000 a awa. Ko za ta iya, ƙasa ce za ta faɗa, ba ciyaman ba.

Ƙasarmu iri biyu ce. Yawancin Kano, da ɓangaren Jigawa na su Kazaure, Roni, Dutse, Birnin Kudu da Gwaram, dutse ne a ƙasa. Ruwa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogi, galibi cikin mita 30 zuwa 60. A nan za a iya samun ruwa a wannan gona, a matsa taku ɗari a haƙa busasshiya, kuma rijiyar da ta ba da lita 2,000 ko 3,000 a awa sai hamdala. Don haka ba a haƙa sai an yi awon ƙasa da na'urar lantarki a wuri uku aƙalla, kuma haƙar da guduma da kwamfuresa ake yi. Idan an shiga lafiyayyen dutse, ƙura fara tana ta tashi babu tsaga, ci gaba da nutsawa ƙona kuɗi ne. Gabas da arewa kuwa, su Haɗeja, Malam Madori, Kaugama, Birniwa, Gumel da Maigatari, shimfiɗar yashi da laka ce ta kwarin Chadi. Ruwa ya fi tabbas kuma ya fi yawa, da laka ake haƙa, amma matsalar can ita ce yashi mai laushi da ke shiga rijiya, da kuma nisan ruwa a wasu wurare. Ka tuna Afridev da India Mark ba a so su ɗaga ruwa daga zurfin da ya wuce kusan mita 45. Inda ruwa ya fi haka nisa, tuƙa-tuƙa azaba ce ga yara, a yi mai sola.

Garuruwan bakin kogin Haɗeja, irin su Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma, nasu daban ne. Ruwa kusa yake, ambaliya ce abokiyar gaba. Nemi shaidar da ruwan bara ya bari a jikin katanga ko bishiya, a ɗaga dakalin famfo sama da ita. Bayan kowace ambaliya a wanke rijiya da kulorin kafin a sha. A ko'ina kuma kada rijiya ta kusanci masai, bola, maƙabarta ko turken dabbobi da ƙasa da mita 30, kuma ta kasance ta sama da su, ba ta gangare ba. Tun da aka ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jihar farko da ta daina bahaya a fili, masai ya yawaita a gidaje, abin alheri ne, amma ya sa sai ka leƙa bayan katanga kafin ka kafa turke.

Yanzu ka koma kan sunaye. Yi jadawali mai sauƙi: yawan jama'a, famfunan da ke aiki, giɓin lita, nisan da ake tafiya a bazara, ko akwai makaranta ko asibiti, ko an taɓa ɓarkewar amai da gudawa. Jera garuruwa daga mafi bukata. Kafin ka miƙa, ka tuntuɓi RUWASA, wato hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, da ofisoshin 'yan majalisa ka ji inda suke shirin haƙawa, don kada gari ɗaya ya samu uku wani bai samu ko ɗaya ba. Shawarata ga ciyaman ita ce a haƙa bakwai, a juya kuɗin uku zuwa gyara, a raba gyaran ya taɓa kowace mazaɓa. Da haka kowane kansila yana da abin nunawa, sababbin kuma sun tafi inda ƙishirwa take. A karanta jadawalin a gaban hakimi da dagatai. Mai son sauya suna sai ya faɗi dalili a bainar jama'a, kuma da yawa ba za su so ba.

Filin da za a haƙa, a rubuta takardar kyautarsa ga jama'a, dagaci ya sa hannu. Rijiyar da aka haƙa a ƙofar gidan wani babba, bayan shekara biyu katanga ce za ta zagaye ta.

Ranar haƙa ka tsaya a wurin, ko ka tsayar da wanda ka yarda da shi. Ƙirga bututun da ke shiga rami da idonka, kowanne mita uku ne, don a biya zurfin da aka haƙa ba wanda aka rubuta ba. Duba cewa bututu mai tsaga-tsaga ya zauna daidai inda ruwa ya fito. Tsakuwar da za a zuba kewaye da shi ta zama ta kogi, mulmulalliya, wankakkiya, milimita 2 zuwa 4, ba fasasshen dutsen gini ba. Mita biyar na sama a cike da siminti don kada ƙazantar dakali ta gangara. A busa rijiya da iska har ruwa ya fito garau babu yashi a gindin bokiti. Wadda za a sa wa sumo a yi mata gwajin zuƙa na awa 24 ana auna saukar ruwa da dawowarsa, sannan a sayi sumon daidai ƙarfinta. Sumon da ya fi ƙarfin rijiya zai zuƙe ta ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. A kai ruwan ɗakin gwaji, a kuma ɗanɗana: ruwan zartsi ko mai ƙarnin ƙarfe, ko takarda ta ce lafiya, mata za su koma tsohuwar rijiya. A riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har rijiyar ta tsallake bazara guda.

Kwamitin kula da famfo a kafa shi kafin motar haƙa ta zo, da mata a ciki, da yarjejeniyar abin da za a riƙa tarawa, ko na jarka ko na gida a wata ko hatsi da kaka. Su san makaniken da za su kira da shagon da ake samun robobi. Kai kuma ka nemi a sa layin gyara na dindindin a kasafi, don abin da ya fi ƙarfin kwamiti, kamar sauya sumo ko bututu gaba ɗaya.

Kowace sabuwar rijiya ka buɗe mata fayil: zurfinta, inda aka sa bututu mai tsaga, matakin ruwa ranar da aka gama, abin da ta bayar a gwaji, zurfin da aka rataye silinda ko sumo. Kofi ɗaya a ofis, ɗaya wajen kwamiti. Idan ɗan kwangila bai kawo waɗannan takardu ba, kada ka sa hannu a takardar biyansa.