Buɗe wa Inna asusu ba ya buƙatar karatun boko

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mahaifiyarka da ke sayar da ƙulli a Tsohuwar Kasuwa ta Sakkwato, ba ta kuma yi boko ba, za ta iya buɗe asusun banki. Za ta iya. Tun 2013 Babban Bankin Najeriya ya fito da asusu mai matakai uku, kuma na farkon don masu ƙaramin ƙarfi aka yi shi. Lambar NIN (ta shaidar ɗan ƙasa) ko BVN (ta tantance mai hulɗa da banki), hoto da lambar waya sun wadatar. Sai dai kuɗin da ke ciki ba za su wuce naira 300,000 ba.

Ba ita kaɗai aka bari a baya ba. Binciken 2023 na EFInA, ƙungiyar da ke nazarin yadda jama'a ke samun hidimar kuɗi, ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manya a Najeriya ba sa hulɗa da kowace hanyar ajiya ko bashi, amma a Arewa maso Yamma abin ya kai kashi 47. Nisan reshe, rashin takardu da tsoron riba duk suna ciki. In ribar ce damuwarta, Jaiz da TAJBank ba sa mu'amala da kuɗin ruwa.

Inda na fi jin tsoro shi ne lambar sirri. Tsofaffi da yawa sukan miƙa wa mai POS kati su faɗa masa lambar da baki, jama'a na ji. Ka zauna da ita har ta iya dannawa da hannunta, ka kuma gaya mata banki ba ya kira ya nemi lambar. Adashenta kuwa kada ka hana ta, ranar kwasa kawai ta zuba a asusun.