Takunkumin ƙura ba ya tare tururin tina

Tambaya: Ni mai fesa wa motoci fenti ne. Da yamma kaina kan yi ciwo, wani lokaci har da jiri. Farin takunkumin nan na takarda nake sawa. Abokin aikina ya ce in sayi mai tsada, ni kuma na daina ma jin warin tina, ruwan da muke tsinka fenti da shi, ina ganin jikina ya saba. Ya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, hancinka ne kawai ya gaji da kai rahoto. Sinadaran toluwin da zailin da ke cikin tina suna nan suna shiga jininka ta huhu, har ta fata idan da ita kake wanke hannu, kuma na san yawancinku haka kuke yi. Ciwon kan nan da jirin su ne alamar.

Farin takunkumi ƙura yake tarewa, tururi wucewa yake yi abinsa. Nemi na roba mai kama hanci da baki, mai gwangwani cike da gawayi na musamman. A tsarin Turai za ka ga harafin A da launin ƙasa-ƙasa a jikin gwangwanin, na Amurka kuma baƙi ne. Haɗa shi da matatar da ke tare feshin fenti. Gawayin yana cika, kuma yana ci gaba da zuƙar iska ko an rataye shi a ƙusa, saboda haka ka ɗaure shi a leda bayan aiki, ka riƙa sauyawa. Gemu ma yana hana robar kama fuska. Idan kuwa fentin mai haɗi biyu ne, wanda ake zuba masa sinadarin da ke sa ya daskare, gawayi bai isa ba: akwai sinadarin aisosayanet a ciki, mai jawo asma, sai takunkumin da ake turo masa iska ta tiyo.

Ana iya auna abin da kake shaƙa. Akwai ɗan abin zuƙar tururi da ake maƙalawa a kwalar riga na awa 8, a kai shi ɗakin gwaji. Ana kuma awon fitsari a ƙarshen aiki. Wannan nauyin mai wurin aikin ne, ka tuntuɓe shi. Ka kuma gaya wa likita sana'arka.

Tambaya: Ina so in cire tsohon fenti daga ƙofar banɗaki. Wane ruwan cire fenti zan saya?

Amsa: 'Yar'uwa, karanta jikin gwangwanin. In akwai sinadarin daikuloromitan (dichloromethane), kar ki saya. Jiki yana mayar da shi iskar nan mai kisa da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, tururinsa kuma mai nauyi ne, ƙasa yake taruwa, daidai inda mai kankare fentin ke sunkuyawa. A 2019 Amurka ta hana sayar wa jama'a mai cire fenti irin wannan bayan ya kashe mutane. Ki sa a cire ƙofar a fitar da ita waje, sannan ki sayi wanda babu shi a ciki, ko da zai kwana kafin fentin ya saki.