Amsa kan karen da jijiyar gwiwarsa ta tsinke

Malam, ka tambaya ko hutu kaɗai zai warkar da karenka mai kilo 30 da ke ɗingishi. Gaskiya da wuya. Jijiyar nan ba ta haɗewa da kanta, kuma muddin gwiwar tana gocewa, guringuntsin ciki zai ci gaba da lalacewa. Ƙananan karnuka ne wani lokaci suke lallaɓawa ba tiyata.

Ga kare mai nauyi kamar karenka, likitan tiyatar dabbobi yakan yi aikin TPLO: a yanka saman ƙashin ƙwauri, a juya shi, a ɗaure da ƙarfe. Ƙashin yakan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin ya haɗe, ba gudu ba tsalle. Ka rage masa ƙiba, don ɗaya gwiwar ma takan biyo baya. Don Allah kada ka ba shi ibuprofen, guba ne gare shi.