Yadda ake gwada bayanin kayan aikin da ke nemo masu fitar da sanarwa a cikin kod

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da manhaja wadda sassanta ke aika wa juna sanarwa ta Kafka, wato tsarin da ke isar da saƙonni tsakanin manhajoji. Na haɗa wa wakilin ƙirƙirarriyar basira da muke aiki da shi wani kayan aiki mai nemo inda ake fitar da kowace sanarwa, amma wani lokaci ya ɗauke shi, wani lokaci kuma ya koma neman kalmomi da grep, umarnin da ke nemo kalma a cikin fayiloli. Na sake rubuta bayanin kayan aikin, wato rubutun da ke gaya wa wakilin abin da yake yi, har sau 3. Ta yaya zan gane wanda ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Karanta bayanan 3 da ido ba zai raba maka gardama ba, domin kai ka san abin da kayan aikin ke yi, shi kuwa wakilin bai san komai ba sai abin da aka miƙa masa. A tsarin MCP, wato ƙa'idar haɗa wakili da kayan aiki, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, abin da ke isa gare shi shi ne suna, da bayani, da fasalin abubuwan da zai shigar, kuma a kan waɗannan yake yanke shawara. Saboda haka halinsa za ka auna, ba daɗin jimlolinka ba.

Ka fara da tara tambayoyin da kai da kanka ka binciko amsarsu da hannu, ko da guda 20 ne zuwa 30, ka rubuta fayil da layin kowane mai fitar da sanarwa. Ingancin gwajin gaba ɗaya ya rataya ne a kan wahalar waɗannan tambayoyi. Inda aka rubuta sunan tashar sanarwa (wato topic, layin da Kafka ke zuba sanarwa a ciki) a fili kusa da umarnin aikawa, grep ma zai gano shi, kuma babu abin da ka koya. Sai ka nemo wuraren da sunan ke ɓoye: inda aka ajiye shi a fayil ɗin saiti, ko aka haɗa shi daga guntaye lokacin da manhaja ke gudana, ko inda kowa ke bi ta wani aji (class) guda na cikin kod ɗinku wanda shi kaɗai ke magana da Kafka. Mafi wuya shi ne inda kod ke rubuta sanarwar a teburin rumbun bayanai kawai, sannan wani abu dabam kamar Debezium, manhajar da ke bibiyar sauye-sauye a rumbun bayanai, ya kwashe ta zuwa Kafka. A nan babu umarnin aikawa ko ɗaya a cikin kod ɗinku, kuma dole ka yanke tun farko wane ne za ka kira mai fitarwa, sannan ka faɗi hakan a cikin bayanin.

Kada tambayoyin su ari kalmomin bayanin. Abokin aikinka ba zai ce a nemo masa masu fitar da sanarwa ba, cewa zai yi, "Me ke sa ake tura wa mai saye saƙo sau biyu?" Ka kuma saka tambayoyin da bai kamata a taɓa kayan aikin ba, musamman na masu sauraren sanarwa, domin sunan sanarwa ɗaya ne ke bayyana a ɓangarorin biyu, kuma bayanin da aka cika masa zuga yakan sa wakili ya riƙa kiran kayan aikin a kan komai. Idan kuna amfani da Spring, tsarin gina manhaja da yaren Java, ku lura cewa umarninsa na publishEvent na aika sanarwa ne a cikin manhajar kanta, ba zuwa Kafka ba, don haka bayanin ya fayyace wanne daga ciki ake nufi.

A kowace tambaya ka duba ko ya zaɓi kayan aikin, ko ya shigar da abin da ya dace (sau da yawa sunan aji ake bayarwa inda ake son sunan tasha, kuma misali ɗaya a cikin bayanin yakan gyara wannan), da yawan masu fitarwa na gaskiya da ya samo, da na ƙarya da ya cusa. Ka maimaita kowace tambaya aƙalla sau 5, tun da amsar wakilin na sauyawa daga gudu zuwa gudu, kuma ka bar samfurin basirar da wakilin ke gudana a kai da sauran kayan aikin yadda suke, bayanin kaɗai ke canzawa. Ka ware kashi ɗaya cikin uku na tambayoyin, kada ka dube su sai ka gama gyara.

A ganina, layin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda ke bayyana ma'anar amsa marar komai. Idan kayan aikin bai iya ganin sunayen da ake haɗawa lokacin gudana, kuma bayanin ya yi shiru a kan haka, wakilin zai ce maka da cikakken tabbaci babu mai fitar da wannan sanarwa, har wani ya goge mai saurarenta yana zaton ya daina aiki. Ka tanadi tambayoyi 3 ko 4 da ka san kayan aikin zai dawo ba tare da komai ba alhali mai fitarwar na nan, ka karanta dukkan matakan da wakilin ya bi. Bayanin da ya sa ya koma grep a wannan gaɓa, ya kuma gaya maka dalilinsa, shi za ka riƙe cikin ukun.