Dabba da sunanta, nama da nasa

Ƙanena, na ga saƙonka. Barka da samun gurbin karatu a Manchester. Ka ce abin da ke hana Hajiya barci shi ne kada ka ci alade ba da saninka ba. Tana da gaskiya, don Turancin makaranta bai koya mana cefane a Ingila ba.

Sau da yawa Baturen Ingila ba ya kiran nama da sunan dabbarsa. Mu naman sa ne, naman rago ne, shi ke nan. Su kuwa saniya cow ce a makiyaya, da ta hau faranti sai ta koma beef. Tunkiya sheep, namanta mutton. Alade pig, namansa pork. Abin ya samo asali tun 1066, lokacin da William na Normandy, wani yanki a Faransa, ya ci Sarki Harold na Ingila da yaƙi a Hastings, fada ta koma Faransanci kusan shekara 300. Talaka mai kiwo ya riƙe sunan da ya gada, sunan da masu mulki ke kiran dabbar da shi kuma ya manne wa naman.

Alade ya fi kowa laƙabi. Bacon, gammon da lard, wato kitsensa, duk daga Faransanci suka shigo. Ham kam tsohon Turanci ne, asalin ma'anarsa bayan gwiwa. Wanda ya kusa kayar da ni shi ne black pudding. A nan pudding na nufin kayan zaƙin bayan abinci, don haka a makona na farko har na miƙa hannu, sai wani ɗan Pakistan ya riƙe ni: jinin alade ne da kitse da hatsi. Mince pie na lokacin Kirsimeti kuma akasin haka ne: mince na nufin niƙaƙƙen nama, amma shi kayan zaƙi ne. A da ana sa nama, yanzu busassun 'ya'yan itace ne, amma duba takardar, wasu na zuba kitsen sa ko giya.

In mutumin Manchester ya gayyace ka tea, kada ka cika cikinka a gida, abincin dare yake nufi. Kalmar da shayinmu ma asalinsu ɗaya, daga Sin: tasu ta bi jiragen 'yan Holan, tamu ta biyo Larabawa.

Ka gaya wa Hajiya mahautan halal sun cika titin Wilmslow a Rusholme, kusa da jami'a. Ka taho da kuka da yaji. Kilishi kam bar shi a gida, ba a yarda a shigo da nama daga Najeriya ba.