Tambaya da Amsa: Ina kuɗin makarantun gwamnati suke tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Ya'yana biyu suna firamaren gwamnati, kuma ranar da na leƙa ajin ƙaramin na tarar da yara sun haura ɗari, rabinsu a zaune a ƙasa, malama ɗaya tana fama da su har muryarta ta dushe. Ɗan maƙwabciyata da ke makarantar kuɗi kuwa, su ashirin da biyar ne a aji. Ina kuɗin da ake ware wa ilimi suke tafiya?
Uwar yara biyu, Rigasa, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware wa hukumar kula da ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Sai dai jiha ba ta karɓar kasonta sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta, shi ya sa kuɗin wasu jihohi kan shekara jibge a Abuja. Idan sun fito ma, galibinsu gini da kujeru ake yi da su, domin albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. A ganina nan gizo ke saƙar: aji sau ɗaya ake gina shi a yanke ƙyalle, malami kuwa kowane ƙarshen wata yana jiran haƙƙinsa. Ko a 2017 da Jihar Kaduna ta sallami malamai sama da dubu 21 bayan jarrabawar gwaji, aka ɗauki sababbi, cunkoson unguwanni irin taku bai kau ba.

Mai makarantar kuɗi daga hannun iyaye yake karɓa kai tsaye, kuma ya san ranar da suka ga sakaci za su kwashe 'ya'yansu. Amma kada kyan yunifom ya ruɗe ki, domin akwai ƙananan makarantun kuɗi a gidajen haya da ke ɗaukar wanda bai da takardar shaidar malanta ta NCE, su biya shi abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba.

Kafin ki ci bashi ki sauya musu makaranta, ki miƙa wa ɗanki da ɗan maƙwabciyar littafi ɗaya su karanta miki shafi guda. Sannan ki nemi kwamitin kula da makarantar, wato SBMC, wanda iyaye ke da wakilci a cikinsa, ku rubuta ƙorafi da adadin yaran kowane aji, ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Igabi.