Tambaya da Amsa: Ana Iya Ɗaga Shagona da Hannu a Google?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a wani ƙauye kusa da Maigatari a Jihar Jigawa, ina saye da sayar da riɗi da zoɓo. Wani saurayi ya ce in ba shi kuɗi zai sa sunana ya riƙa fitowa a sama duk lokacin da aka nemi riɗi a Google, wai yana da ɗan hannu a cikin kamfanin. Shin da gaske ana ɗaga mutum ko a danne shi da hannu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka riƙe kuɗinka tukuna, domin abin da yaron nan ya yi maka alkawari ba a hannunsa yake ba.

Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, na'ura ce ke jera sakamakon bincike, tana auna dacewar shafi da abin da aka nema, da yawan amintattun shafukan da ke nuni zuwa gare shi, da wasu ma'aunai masu yawa. Kamfanin yana cewa ba ya karɓar kuɗi don ɗaga kowa a wannan jeri. Hannun mutum kuwa yana shiga, amma galibi don hukunci yake shiga: akwai ma'aikatan da ke duba shafukan da suka yi maguɗi, su saukar da su ƙasa ko su cire su ɗungum, sannan a sanar da mai shafin ta Search Console, wato dandalin Google da masu shafuka ke duba halin da shafinsu yake ciki. A 2006 an cire shafin Jamusanci na kamfanin motoci na BMW na ɗan lokaci saboda irin wannan dabara. Idan har kamfani mai girman BMW bai tsira ba, ka yi tunanin makomar ƙaramin ɗan kasuwa da aka cika wa shafi da yabon ƙarya da adireshin bogi.

Wannan ba ya nufin jerin yana da tsarki kamar yadda masu shi ke so a ɗauka. A 2017 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 2.42 saboda fifita sashensa na kwatanta farashin kaya da danne na abokan hamayya, kuma babbar kotun Tarayyar ta tabbatar da hukuncin a 2024. Sai dai wannan shawara ce ta kamfani, ba alfarmar da wani ma'aikaci zai yi wa abokinsa a ɓoye ba.

Saman da kuɗi ke saye shi ne na talla, wanda ake yi wa alama a fili. Haka ma a kasuwannin intanet irin su Jiji, mai kaya na iya biya a ɗaga tallarsa na wasu kwanaki, kuma da zarar wa'adin ya cika sai ta koma sahu.

Abin da zai amfane ka kyauta ne. Ka buɗe Google Business Profile, wato shafin bayanan kasuwa da ke fitowa a bincike da taswirar Google, da sunan kasuwancinka na gaskiya, domin a binciken abin da ke kusa ana duba dacewa da nisa da kuma shaharar wurin. Ka sa lambar wayar da kake ɗauka, ka rubuta cewa ana samunka a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka ɗora hoton riɗin a tafin hannu yadda dillali a Dawanau zai ga haskensa da rashin tsakuwa, da hoton buhunan a jere cikin sito. Ka roƙi waɗanda suka taɓa sayen kayanka su rubuta ra'ayinsu na gaskiya.

Idan saurayin ya iya wannan aiki, babu laifi ka biya shi ladan wahalarsa, bisa sharaɗin cewa da imel ɗinka za a yi rajistar, kuma kalmar sirri ta zauna a wurinka kai kaɗai.